Babi na Shida: Daga Bakin Tiga Zuwa Duwatsun Riruwai

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Jihar Kano a gabansa zai ga ta yi wata doguwar wutsiya ta nufi kudu, ta kutsa tsakanin Kaduna da Bauchi, har tana neman leƙa Filato. A cikinta ne Tudun Wada da Doguwa suke, Bebeji da Kiru kuma suna tsare da bakin shiga. Akasarin mutanen birni ta tagar mota suka san wannan yanki, in tafiyar Jos ta kama su: a karya kwana a Kwanar Ɗangora, a sha mai a Tudun Wada, a yi addu'a a ratsa dajin Falgore, sai kuma Saminaka. Ba a tsayawa sai don salla, ko in taya ta yi faci.

Ni kuwa a ganina, a duk faɗin jihar babu inda ya kai nan cancantar mutum ya je ya kwana biyu ya huta. Ruwan sama ya fi sauka a nan, a can ƙarshen kudu yakan haura milimita 1,000 a shekara, damina tana riga ta birni sauka, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Tafki mafi girma a jihar a nan yake, haka daji mafi faɗi, haka dutse mafi tsawo. Amma Bakano in ya sami hutun salla da 'yan kuɗi a aljihu, Yankari zai ambata, ko Jos, mai hali kuma ya ce Dubai ko Alƙahira. Abin kallo kam akwai shi a gida. Abin da aka rasa shi ne 'yan ƙananan abubuwan da ke riƙe baƙo: ɗaki mai tsafta, hanyar ƙafa da aka sani, wanda zai yi rakiya, da kwanciyar hankali cewa za a je a dawo lafiya.

Bakin ruwa

Kano ba ta da teku, amma wanda ya tsaya a bakin Tiga da sanyin safiya a watan Oktoba, ya dubi kudu, idonsa zai gaji kafin ya iske ƙarshen ruwa. Daga birni tafiyar wajen kilomita 70 ce. Gwamnatin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ita ta datse Kogin Kano a nan tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Bangon datsiyar ya kai kimanin kilomita 6, ruwan da ya taru a bayansa kuma, in dam ya cika, yana rufe wajen murabba'in kilomita 178. Don noman rani aka yi shi, da shayar da birni. Tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan, da shinkafar Kura, da alkamar Kadawa, duk ruwan Tiga suka sha.

Aikin bai zo kyauta ba. Ƙauyuka da gonaki da maƙabartu sun shige ƙarƙashin ruwa, an tashi mutane an kai su sababbin matsugunai, a can ƙasa kuma manoma da masunta na fadamun Haɗeja da Nguru suka ga ambaliyar da suka dogara da ita ta ragu. Ya kamata mai yawon buɗe ido ya san wannan, don kada ya ɗauka tafkin daga sama ya faɗo. Dattijon da ya tarar yana ɗinkin koma a gindin bishiya, mai yiwuwa gidan da aka haife shi yana can ƙasan inda kwalekwale yake wucewa.

Tafiyar da ta fi daɗi a Tiga ita ce ta bayan sallar asuba, a bi gaɓa a ƙafa zuwa inda masunta suke fitowa. A lokacin iska ba ta tashi ba, ruwa a kwance yake, duwatsun da ruwa ya ci rabinsu sun zama tsibirai, zalɓe da belbela suna kai. Jirage suna isowa ɗaya bayan ɗaya da abin da dare ya bayar, karfasa da tarwaɗa da kurungu, 'yan sari suna jira da kwanduna, ciniki yana tashi tun kifi bai daina motsi ba. Daga nan wani ya tafi kaskon suya, wani ya hau banda. Karfasar da aka soya a wurin, aka barbaɗa mata yaji aka yanka albasa, ba ta haɗa hanya da wadda ta kwana a ƙanƙara ta iso Kasuwar 'Yankura ba.

Abu biyu nake roƙon duk mai zuwa da iyali ya kiyaye. Kada a bar yara su yi wanka a bakin gaɓa inda ruwa yake kwance da ciyayi, don irin wuraren ne dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya yake zama. Kada kuma a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, ko wanda babu rigar kariya daga nutsewa a cikinsa. Kanawa ba su manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya a ciki.

Audu Bako ya hango cewa ruwa yana jan mutane. Shi ya gina gidan zu a birni, a zamaninsa ne kuma aka yi otal ɗin Bagauda a bakin ƙaramin dam ɗin Bagauda, nan ƙasar Bebeji, da otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon Tiga. A shekarun 1970 da farkon na 1980 Bagauda suna ne da ake ji a rediyo: manyan taruka, baƙi daga Legas da ƙasashen waje. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan mamakon ruwa, ya yi ɓarna mai yawa a ƙauyukan da ke ƙasa da shi. Daga baya gine-ginen otal ɗin suka zama reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wanda shi ma amfani ne. Rock Castle kuwa ya yi shekaru yana lalacewa a kan dutsensa.

Ana yawan cewa rashin kula ne ya kashe su, haka ne kuma. Sai dai ni ina ganin ciwon yana cikin tsarin tun farko. An gina su ne da kuɗin gwamnati don manyan ma'aikata da Turawa, an zagaye su da shinge, abincinsu da shansu da nishaɗinsu duk a cikin gida. Mutumin ƙauyen da ke maƙwabtaka da su rabonsa bai wuce gadi ko shara ba. Da kuɗin man fetur suka ja baya a shekarun 1980, gwamnati ta janye hannu, babu wani a kusa da zai ji cewa tukunyarsa ce za ta sauka daga wuta in wurin ya mutu. Su kuwa masunta da masu suyar kifi, da ba a taɓa ware musu ko sisi a kasafin yawon buɗe ido ba, suna nan inda suke har gobe.

Teburin mai shayi

Ga misalin inda mutanen ƙauye suke cin moriyar baƙi: a kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa da ta bi bakin teku, tsawonta ya ɗara kilomita 1,000. Asalinta turba ce ta masu gadin gaɓa da ke sintiri don tare 'yan fasa ƙwauri. Yau mutanen birane suna zuwa su kama ɗaki a gidan manomi ko a ƙaramin masauki, su wuni suna tafiya daga wannan ƙauye zuwa wancan, da yamma su shiga mashayar gari su ci abinci su yi hira da 'yan gari. Kuɗin da suka kashe a ƙauyen yake kwana: mai ɗaki ya samu, mai ƙwai ya samu, mai kamun kifi ya samu. Shi ya sa in wani ya toshe turbar, mutanen ƙauye ne farkon masu ƙorafi.

Mu ba mu da mashaya a ƙauyukanmu, ba ma kuma nemanta. Kano tana bin shari'a tun 2000, kafin nan ma ba ɗabi'ar yawancin mutanen yankin ba ce. Amma wurin da baƙo zai zauna ya ci ya sha ya ji labarin gari muna da shi tun tuni, a kowace tasha da kowace mararraba. Tebur ne da benci biyu ko uku, tukunyar ruwan zafi a kan gawayi, gwangwanayen madara an jera su, burodi a leda, kiret ɗin ƙwai, kwalin Indomie, rediyo tana rataye tana kawo labaran safe. Kana zama mai shayi zai ce, "Sannu da zuwa, Alhaji, haɗin kauri ko ruwan bunu?" Kafin kofin ya huce na kusa da kai ya ce, "Malam, daga Kano ne? Ya hanya?" Daga nan in kana da kunne, za ka san wace gada ce ta karye, nawa buhun masara ya kai a kasuwar jiya, wane ɗan acaɓa ne ya san hanyar dutse, da kuma inda bai kamata a bi ba bayan la'asar. Wannan bayani na ƙarshe babu taswirar waya da za ta ba ka shi.

Da almuru sai a koma tukubar mai tsire, ko wurin mai balangu, ko majalisar ƙofar gida inda ake shimfiɗa tabarma bayan isha'i. Da rana kuma 'yan matan Fulani suna gindin inuwa da ƙwaryar nono, a dama maka fura a gabanka. A kaka ga masara gasassa, ga dafaffiyar gyaɗa, in sanyi ya shigo ga rake. Illar wannan tsari ɗaya ce, kuma babba: na maza ne. Matar da ta zo da mijinta da 'ya'yanta ba za ta zauna a bencin mai shayi ba, sai dai a kai ta cikin gida wurin mata, in akwai sanayya. Duk mai son iyalai su riƙa zuwa hutu, wannan ne gibin da zai fara cikewa: rumfa mai sirri, banɗaki mai tsafta, wurin alwala da salla na mata.

Saukar baƙi dai ba sabuwar sana'a ba ce a wannan ƙasa. Bebeji tsohon zango ne a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, gari mai ganuwa da kasuwa, mazaunin Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Baturen nan mai yawo Kilafaton ya bi ta garin a 1826, a farkon Fabrairun 1903 kuma rundunar Kanar Molan ta ci karo da turjiya a nan, ta fasa ƙofa da igwa, kwanaki kaɗan kafin ta shiga Kano. A zamanin fatauci fatoma shi ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa in rigima ta taso. Wanda ya sauka a Bebeji ya nemi dattijo ya zagaya da shi ya nuna masa inda ganuwa ta bi da inda ƙofofi suke. Yawon awa guda ne, ya kuma fi a karanta a littafi.

Daga Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, hanya ta miƙe zuwa Tudun Wadan Ɗankadai, garin shinkafa, inda za ka ga an turara an baza shanya, injina suna ta ruri. A nan ya kamata a cika tanki a sayi ruwa.

Falgore

Turawa suka fara keɓe dajin Falgore da sunan gandun dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya doshi murabba'in kilomita 1,000, ya shafi Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, ta gabas kuma yana kusa da dajin Lame-Burra na Bauchi. Kogin Kano ta cikinsa yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga, don haka kowace bishiya da aka sare a nan, yashi ne aka ƙara wa dam. Mai tafiya daga arewa zai ga itatuwa sun canza: kuka da gawo sun ja baya, doka da maje da kawo da kaɗanya da marke sun karɓi fili, a bakin rafuka maɗaci ya yi inuwa. A da akwai ɓauna da gwanki da kanki. Yanzu abin da matafiyi zai fi sa ran gani shi ne birai a bakin titi, da zabin daji, da burtu in an yi sa'a.

Ba zan yi wa dajin nan kwalliyar da ba shi da ita ba. Shekaru da dama sunansa yana tafe da labarin fashi da satar shanu da garkuwa da mutane, har a 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da wani ɓangarensa filin atisaye. Masu gawayi da masu katako sun ci shi ta gefe da gefe. Kada kowa ya ajiye mota ya kutsa shi kaɗai don ya ga inuwa ta burge shi. A nemi ma'aikatan gandun daji, a ji ta bakinsu, in sun ce a dakata a dakata. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutanen da suka fi kowa sanin dajin, wato mafarauta da makiyaya, ba a taɓa ba su dalilin da zai sa gwanki mai rai ya fi musu matacce amfani ba. Maharbin da ya san sawun kowace dabba da sunan kowane tsiro, in ana biyansa ladan rakiya, da kansa zai kori mai ɗana tarko.

Riruwai

Bayan an fita daga daji ƙasa takan fara tashi, gonakin masara su yi ta bin juna, sai duwatsu su bayyana a gaba, shuɗi-shuɗi daga nesa. Riruwai ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana zaune a tsakiyar tsaunukan da suka fi ko'ina tsawo a jihar, wasu ƙololuwansu sun kai wajen mita 1,200 sama da teku. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano, inda Dala da Gwauron Dutse ne abin nunawa, sai ya riƙa tambayar kansa ko har yanzu a jihar yake.

Masana ilimin ƙasa sun ce waɗannan duwatsu saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya yi zamani kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce. Samansa ya rufta, ruwa da iska suka yi ta zaizaye shi, abin da ya rage shi ne da'irar tsaunuka da muke gani. Ba shi kaɗai ba ne: jerin irinsa ya faro tun daga Azbin, ya biyo ta Damagaram, ya sauko nan, ya wuce Jos, na arewa sun fi tsufa, na kudu sun fi ƙuruciya. Lokacin da narkakken dutsen yake hucewa a ƙarƙashin ƙasa, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogi ya daskare. Mafi girman wannan jijiya ta miƙa wajen kilomita 5 daga gabas zuwa yamma, ɗauke da kuza da zinki da wasu ma'adinan. Ita ce arzikin garin, ita ce kuma silar yawancin abin da ya same shi.

Tun kafin Bature ya san hanyar nan mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafuka, su narka ta da gawayi, su zuba ta ta fito sirara-sirara, fatake su ɗauka zuwa kasuwanni, maƙeran farfaru su shafe kwanonin tagulla da ita. A ƙarni na 19, zamanin da hare-haren Ningawa suka hana kudancin Kano barci, wasu daga cikin masu wannan sana'a suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa Riruwan Dalma. Irin waɗannan siraran sanduna ne 'yan kasuwar Ingila suka gani a bakin Binuwai a shekarun 1880, suka yi ta bin diddigi har kamfaninsu mai suna Neja ya aika masu bincike tudun Jos a farkon ƙarni na 20. Ba a jima ba dokokin ma'adinai na mulkin mallaka suka miƙa ƙasar kuza ga kamfanoni, narkar gargajiya ta mutu, jikokin masu ita suka koma leburori. Ina ganin duk ɗan makarantar Kano ya kamata ya san cewa birnin Jos da ake tinƙaho da shi, hanyar gano arzikinsa ta bi ta hannun mutanen wannan gari.

A shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aka zuba kuɗi don buɗe mahaƙa ta ƙarƙashin ƙasa a kan babbar jijiyar, da hannun Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Najeriya. Aka haƙa ramuka masu zurfi, aka kawo injina, aka gina gidajen ma'aikata, gari ya cika da baƙi daga ko'ina. Sai kasuwa ta juya. A watan Oktoban 1985 majalisar duniya mai tallafa wa farashin kuza ta kasa biyan bashi, kasuwar ƙarafa ta Landan ta dakatar da cinikinta, farashi ya faɗi warwas. Aikin Riruwai bai kai ga abin da aka yi fata ba. Abin da ya saura shi ne kangaye, da bakunan ramuka, da kududdufai, da 'yan haƙa masu diga da shebur da kwanon wanki, waɗanda har yau suke bin sauran abin da kamfani ya bari, rai a hannun Allah.

Duk wannan abin gani ne, amma daga nesa kaɗan. Tsohon rami ba wurin shiga ba ne, kududdufin haƙa kuma bakinsa a tsaye yake, zurfinsa ba ya nunawa.

Hawan dutse shi ne ainihin abin da zai kai mutum Riruwai, yana kuma da ladabinsa. Kafin komai a je a gaida dagaci ko mai unguwa, a ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, muna so mu ga gari." Shi zai haɗa ku da yaron da ya san turba, daga lokacin kuma kun zama baƙinsa. Mutanen yankin Hausawa ne da Fulani da Kurama, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai kuma wuraren da masu su ba sa so a taka ko a ɗauki hoto. Ɗan rakiya ne zai faɗa. A fita da sassafe, da takalmi mai kama ƙasa, da sanda, da ruwa. Turbar takan faro ta cikin gonaki, ta bi gefen rafi, ta ratsa tsakanin manyan duwatsu da suka hau kan juna, inda agwada take shan hantsi, sai ta fito fili a kan falalen dutse. Daga can sama ana ganin yadda tsaunukan suka yi kewaye, ana ganin rugage da garken shanu, da jan tabon tsofaffin wuraren haƙa, da duhun Falgore ta arewa. A hanya, gwargwadon lokaci, akwai ɗinya da kanya da tsada da gwandar daji, yaran gari sun san inda kowace take.

Lokacin zuwa shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, Satumba zuwa Nuwamba. Ciyawa tana kore, rafukan da ke gangarowa daga duwatsu suna da ruwa, wasu suna zubowa daga kan falale su yi farin kumfa, hanya kuma ta fara bushewa. A tsakiyar Agusta dutse yana da santsi, rafi yana iya cika cikin minti kaɗan in an yi ruwa a sama. A hunturu hazo yana rufe nesa, sanyin dare kuwa sai da bargo biyu. Mutumin Fagge ko Kurna da ya sha zafin watan Afrilu a ɗaki mai rufin kwano zai san darajar iskar wurin tun daren farko.

Masauki irin na birni yana da wuyar samu a nan, yawancin masu zuwa a gidan aboki ko ɗan'uwa suke sauka. A nan ne nake ganin ya kamata a fara, kuma ba sai an jira gwamna ba. Magidancin da ke da fili a bakin gari zai iya gina ɗaki biyu da banɗaki da 'yar rumfa, ya sa sola, uwargida ta riƙa yin tuwon masara da miyar kuka ko ta zogale ana biya. Matasa biyar da suka san duwatsu su haɗa kai, su tsayar da kuɗin rakiya, su koyi taimakon gaggawa na sarar maciji da karaya. Ƙaramar hukuma aikinta kaɗan ne: ta sa alama a turba biyu ko uku, ta killace bakunan ramukan da ke kusa da hanya, ta haɗa masu rakiya da 'yan sanda da 'yan sintiri. Baƙin farko ma ba sai an nemo su daga Turai ba. Ɗaliban ilimin ƙasa na jami'o'in Kano da Zariya da Jos suna da dalilin zuwa, haka makarantun sakandare da ke kai yara gidan zu duk shekara ba su taɓa nuna musu inda ruwan famfonsu yake fitowa ba.

Akwai gaggawa a cikin maganar, don idon masu neman ma'adinai ya sake komawa kan duwatsun Arewa, kuma kuza ta yi daraja saboda da ita ake lanƙaya wayoyin cikin kowace waya da kwamfuta. Haƙa za ta dawo Riruwai ko ba jima ko ba daɗe, mutanen garin kuma suna da haƙƙin cin arzikin ƙasarsu. Abin da nake so shi ne kafin a sa hannu a takarda da kowane kamfani, hakimi da dagatai da ƙaramar hukuma su zauna da jama'a su rubuta sunayen tsaunuka da rafukan da ba za a taɓa ba, su kuma sa sharaɗin cike rami bayan an gama, a ajiye kuɗin cikewar a banki tun kafin katafila ta farko ta sauka daga kan tirela.